Jika Uku Kuɗin Mota: Lissafin da Yaranmu Suka Iya a Kasuwa, Yake Gagararsu a Allo

A Hawandawaki, da Tasawa, da Mayahi, kai har duk ƙasar Hausa ta Nijar, ba wanda zai shiga kanti ya ce a ba shi sabulun sefa ɗari uku. Dala sittin ake cewa. Abin da aka buga a jikin kuɗi daban, abin da baki ke faɗi daban. Ƙwandalar da aka rubuta wa 100 dala ashirin ce, 500 dala ɗari ce, takardar 1000 kuwa jika. Ga 'yan uwanmu na Nijeriya masu karanta wannan rubutu, dala ɗaya sefa biyar ke nan. Saboda haka duk yaron da aka taɓa aika sayen gishiri a garinmu yana rabawa da biyar, yana ninkawa da biyar, sau goma a yini, bai ma san lissafi yake yi ba.

Mu kuma da muke gab da iyakar jihar Katsina, abin namu ya ƙaru da naira. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai ji farashin canji da safe a bakin 'yan kasuwa, kafin azahar ya gaya maka nawa jika biyar za ta zama idan aka ƙetara da ita Mai'aduwa. Ya san farashin jiya ba shi ne na yau ba, musamman tun watan Yunin 2023 da aka saki naira kasuwa ta yi mata daraja. Wannan yaron ne nake samu a aji.

Na daɗe ina koyar da lissafi a kwaleji a wannan yanki namu, wato abin da ake kira ƙaramar sakandare a Nijeriya, kuma babu darasin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kamar wanda muke shiga a aji na uku da na huɗu, inda harafin x yake fara bayyana. A aji da sunansa na Faransanci muke kiransa, ekwasiyon. Ni a Hausa daidaito nake ce masa, domin abin da ke ciki ke nan: gefe biyu da aka ce daidai suke, akwai wani abu a ɓoye a gefe guda, a nemo shi.

Idan na tsaya gaban yara na ce, "Inna ta ba ka jika biyu, ta ce ka biya niƙa dala arba'in, sauran duka ka sayo sabulu na dala sittin-sittin. Guda nawa za ka kawo?" kafin in rufe baki hannuwa sun tashi, wasu ma ba su jira a kira su. Shida, Mushe! Sai in juya in rubuta a allo:

300x + 200 = 2000

Sai aji ya yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi. Waɗanda suka ba ni amsa yanzun nan su ne ke sunkuyar da kai kada idona ya faɗa kansu. Tambaya ɗaya ce ba biyu ba, amma a bakina ta zo musu da fuskar da suka sani, a allo kuma ta zo da rawani ta rufe hanci.

Abin da ya sa haka ba ɓoyayye ba ne. Yaron yana tunani da Hausa, an yi masa tambaya da Faransanci. Yana ƙirga kuɗi da dala, an rubuta masa da sefa, har 300 ɗin da ke allo bai gane cewa sabulunsa na dala sittin ba ne. Kafin ya kai ga lissafin ya riga ya gaji da tafinta. Amma wanda ya fi ɓata mini rai shi ne dokar da muke sa su haddacewa: idan lamba ta ƙetare alamar daidai, sai ta canza alamarta. Yara na rera wannan doka kamar karatun allo. Sun ɗauka lambobi wasu aljanu ne masu rikiɗa in sun tsallake rafi. Shi ya sa idan aka kai ga 75x = 3000, sai ka ga rabin aji sun rubuta x = 3000 − 75, tun da an ce abin da ya ƙetare sai ya zama na ɗebewa. Su kawo maka 2925 da murna. Ka tambaye su 2925 na mene ne, tiya ce ko buhu ko kwana, ba mai amsa, domin tun farko x ɗin ba komai ba ne a wurinsu face harafi.

Littattafanmu da sikeli mai kwano biyu suke misali. Ba laifi, sai dai yaron ƙauye bai cika ganin irin wannan sikeli ba, mu hatsi da wake da tiya muke aunawa. Abin da ya sani shi ne mangalar jaki. Duk wanda ya taɓa kai taki gona ya san in ka rage kaya a gefen dama ba ka rage a hagu ba, mangala za ta zame, jaki ya tsaya yana kallonka. To, alamar daidai gadon bayan jakin ce. Gefe guda akwai sabulu da kuɗin niƙa, ɗaya gefen akwai jika biyu. Ɗebe dala arba'in nan, ɗebe dala arba'in can. Saura sabulu zalla a gefe guda, 1800 a ɗayan. Raba nan gida ɗari uku, raba can gida ɗari uku. Ba abin da ya ƙetara, ba abin da ya rikiɗa. Tun da na koma mangala, kuskuren 3000 − 75 ya ragu sosai a ajina, domin da zarar yaro ya rubuta shi sai na kusa da shi ya ce masa jakinka ya kā da kaya.

Akwai iyayen da ke ganin wannan fannin baƙo ne da Nasara ya zo da shi, kuma na san dalilinsu, tun da da harufan Nasara yake zuwa. Amma sunan aljabra kansa daga littafin Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Kalmomi biyu ne a sunan littafin. Jabr, wato ɗori, irin wanda maɗori ke yi wa karyayyen ƙashi, a mai da abin da ya ragu mazauninsa. Sai muƙabala, wadda Hausa ma ta ara, wato a fuskanci gefe da gefe a soke abin da ya yi daidai. Babu x ko guda a cikin littafin. Da zance ya rubuta komai, abin da ake nema kuma "abu" kawai yake ce masa da Larabci, lambobin tsiraru yakan kira su dirhami. Akwai babi a kan saye da sayarwa, wani babban kaso na littafin kuma a kan gado da wasiyya ne, irin lissafin da malamanmu na zaure suke yi har gobe in an yi rasuwa. Alamar daidai sai a 1557 wani mutumin Birtaniya, Robert Recorde, ya fito da ita, harafin x kuma Descartes na Faransa ne ya yaɗa shi a 1637. Ka ga ashe ƙarni bakwai da ɗoriya ana warware daidaito da baki da kuɗi kafin alamomin su iso. Mu ne muka juya abin, muke fara wa yaro da alama, in lokaci ya rage mu kawo masa misalin kuɗi a ƙarshen babi.

Sai dai kada wani ya ɗauka ina cewa kasuwa ta riga ta koyar da komai, makaranta ba ta da abin ƙarawa. In da haka ne da sai mu rufe aji mu tafi. Lissafin ka yana da sauri, yana da kaifi, amma akwai wurin da yake makanta, kuma a wurin ne talaka ke zubar da kuɗinsa.

Bari in kawo misalin da nake fara darasin da shi duk shekara bayan an kai amfanin gona gida. Lambobin na misali ne, kowa ya sa na kasuwarsu. A ce manomi yana da wake. Masu saye sun zo har gari suna ba da sefa 900 kowace tiya, wato jika ba dala ashirin. Ya ji labarin a Tasawa tiya jika ce cif. Duk wanda ka tambaya zai ce maka a kai Tasawa mana, dala ashirin a kowace tiya ai ba wasa ba ce. Yara ma haka suke cewa, baki ɗaya. Sai in ce to, mu tafi Tasawar. Direba zai karɓi jika guda kowane buhu, buhu kuwa kusan tiya arba'in yake ci, ka ga kowace tiya ta biya dala biyar kuɗin hawa. Shi kansa mai waken, kuɗin motarsa zuwa da dawowa, da abin da zai sa wa cikinsa, da tikitin kasuwa, a ce jika uku. Yanzu tiya nawa zai ɗauka kafin tafiyar ta biya kanta?

A nan ne aji ke rabuwa, gardama ta kaure, kuma a nan nake barinsu su yi ta yi har sai wani ya lura da abin da nake jira. Kuɗin iri biyu ne. Dala biyar ɗin nan tana bin kaya, in kaya sun yi yawa ta yi yawa, in sun ragu ta ragu. Jika ukun kuwa ba ruwanta da yawan wake, ko tiya ɗaya ka ɗauka sai ka biya ta, ko buhu goma. Ni da yaran muka raɗa musu suna: kuɗi mai tafiya da kuɗin zaune. Da an ware su sai rubutun ya zo da kansa. Abin da zai dawo da shi daga Tasawa shi ne 1000x − 25x − 3000. Abin da zai samu a ƙofar gida 900x. In an ɗora su a mangala aka ɗebe 900x nan da can, aka ƙara 3000 nan da can, sai a samu 75x = 3000, wato x = 40.

Tiya arba'in. Buhu guda cif. Ma'ana wanda ya ɗauki buhu ɗaya zuwa Tasawa ya yi asubanci, ya sha rana da ƙura, ya dawo bayan magariba da daidai abin da zai samu yana kishingiɗe a ƙofar gidansa. Wanda ya ɗauki tiya ashirin ya faɗi da sefa 1500. Mai buhu uku ne ya ci jika shida. Akwai shekarar da wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, to ai sai mutum biyar su haɗa wakensu su tura mutum ɗaya." Ban koya masa wannan ba. Ya dubi jika ukun a allo ne ya ga cewa tun da a zaune take, ana iya raba ta. Abin da ƙungiyoyin manoma ke ta fama su fahimtar da mutane ke nan shekara da shekaru, ɗan shekara goma sha huɗu ya tsinto shi daga layi uku na alli.

Wannan shi ne abin da daidaito ke bayarwa wanda lissafin ka ba ya bayarwa cikin sauƙi. Ka yana iya gaya maka nawa ka samu bayan ka dawo. Rubutun yana gaya maka inda iyakar faɗuwa da riba take tun ba ka hau mota ba. Littafin aji na huɗu yana rubuta shi da siffar ax + b, yara su zana miƙaƙƙen layi a takarda mai gida-gida. Harafin a shi ne kuɗi mai tafiya, b kuɗin zaune. In yaro ya riƙe wannan, ko labarin rediyo zai iya sa wa a ma'auni. A watan Yulin 2024 da gwamnati ta rage farashin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, na tambayi ɗalibai: ɗan kabu-kabun da ke kai wa mai babur kuɗi tsayayye kullum, wane harafi wannan labari ya taɓa masa? Suka ce a, domin mai da tafiya yake tafiya, abin da yake kai wa uban gidansa kuwa yana nan inda yake. Haka canji: sefa 655.957 a kan Yuro guda ba ta motsa ba tun 1999, na naira kuwa sai ka tambaya kowace safiya. Siffar lissafin ɗaya ce, lambar da ke gaban x ce kawai wata a ɗaure, wata a sake.

Aikin gida da nake bayarwa bayan wannan darasi ba daga littafi yake ba. Nakan ce kowa ya je ya zauna da wani babba a gidansu mai sana'a, ya rubuto kuɗi mai tafiya da kuɗin zaune na sana'ar. Wata ɗaliba, ba zan faɗi sunanta ba, ta kawo na mahaifiyarta mai ƙosai. Kowace tiyar wake tana fitar da ƙosan jika biyu. Waken jika guda, niƙa dala ashirin, mai da albasa da barkono dala ɗari. Ya kama 1600, saura 400 a kowace tiya. Uwar ta san wannan sarai, ita ma ta gaya wa 'yar: dala tamanin nake samu. Amma kuma duk wata sai jarin ya narke, ta zauna jiran kwasar adashe ta sake tayarwa, tana cewa kuɗin yanzu ba su da albarka.

Na ce wa yarinyar, ina kuɗin zaune? Ta ce Inna ta ce babu. Na ce ki koma ki zauna kusa da murhu gobe da safe, ki rubuta duk abin da ya fita wanda ba a karɓi kuɗinsa ba. Ta dawo da abu biyu. Itacen dala arba'in, wanda ko tiya ɗaya aka soya ko biyu kusan shi ke nan. Sai ƙosan da ake ɗiba kafin a ɗora tire a kai: na Baba, na ƙanne huɗu, na tsohuwar maƙwabciya, na almajirin gida, wajen na dala tamanin kullum. Jimla 600. Ta rubuta 400x − 600 da hannunta. Tiya nawa Inna ke soyawa? Ɗaya. Ta sa ɗaya a wurin x, ta ga −200, ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin ɗalibi ya fahimci lamba mai alamar ɗebewa da sauri kamar ranar ba. Dala arba'in ke fita daga uwar kuɗi kowace safiya, jarin jika biyar kuwa kwana ashirin da biyar zai yi a haka. Daidai da abin da uwar ke gani duk wata. Sai an kai tiya ɗaya da rabi kafin a tashi ba ci ba faɗuwa, a tiya biyu a samu 200, a tiya uku 600.

Kwana biyu bayan haka yarinyar ta zo mini da saƙo. "Mushe, Inna ta ce a gaishe ka. Ta ce lissafinka ya yi, amma wai wa zai cinye ƙosan tiya biyu a garin nan in ba ranar kasuwa ba? Kuma ta ce na yara ba za a hana su ba ko da za a faɗi." Na ce ki gaya wa Inna ina amsawa, kuma gaskiyarta duka biyun. Takarda ba ta san yawan bakunan gari ba. Kuma ƙosan da gida ke ci ba asara ba ce, karin kumallon mutum bakwai ne da ba a cire daga aljihun mai gida ba. Abin da lissafin ya yi mata shi ne ya nuna mata ƙofar da kuɗin ke bi, ta daina zargin albarka ko bakin mutane. Abin da za ta yi da wannan sani, ko ta ƙara suya ranar kasuwa, ko ta ce wa mai gida ya riƙa kawo itacen, wannan shawarar cikin gida ce, ba ta malamin lissafi ba.

Maganar Innar nan tana da muhimmanci ga mu malamai, domin akwai ƙaryar da muke yi wa yara ba da niyya ba. Muna nuna musu kamar duk duniya a miƙaƙƙen layi take. Alhali mai sayen buhu ba farashin mai sayen tiya ake ba shi ba, ga ciniki, ga gyara, ga ragin da ake yi wa abokin hulɗa. Ɗauki ragon da aka turke don layya. An saye shi jika arba'in, yana cin dusa da harawa na dala hamsin kullum, ana sa ran sayar da shi jika sittin da biyar. Rubutu ya ce 40000 + 250x = 65000, wato kwana ɗari, daga nan rago ya cinye ribarsa ya fara cin ubangidansa. Amsa ce mai amfani, ta ishi mutum ya san kada ya sayi rago wata biyar kafin Salla a wannan farashi. Amma duk makiyayi zai gaya maka harawa da rani ba kuɗinta na kaka ba ne, ragon kuma yana ƙiba ya tsaya, kasuwar jajibiri tana iya tashi ko ta faɗi a yini guda. In ba mu faɗa wa yaro wannan ba, zai je gida ya kafe kan kwana ɗari, ubansa ya yi masa dariya, daga ranar ya yanke cewa lissafin makaranta na makaranta ne kawai. Gara mu gaya masa tun a aji cewa layin yana aiki ne muddin farashin bai motsa ba, in ya motsa a goge a sake rubutawa, ba wani abin kunya ba ne.

Na san abin da 'yan uwana malamai za su ce, domin mun sha yin wannan gardama a inuwa lokacin hutun ƙarfe goma. Jarrabawar BEPC da Faransanci ake yinta. Manhaja tana da tsawo. A wurare da yawa ajin zana ne, ba a fara karatu sosai sai an girbe hatsi an samu karan kafa rumfa, ga yara cunkushe, littafi ɗaya mutum nawa. Duk gaskiya ne. Amma a lissafina wannan hanya ba ta cin lokaci, tana rage shi ne. Minti biyar na farko a faɗi matsalar da Hausa da dala, yara su warware ta da ka. Sannan a tambaye su yadda suka yi, a rubuta matakansu da alamomi a mangala. Sai a ƙarshe a kawo ta da Faransanci irin yadda za ta zo a takardar jarrabawa, yaro ya ga ashe tsohuwar saniyarsu ce aka shafa wa lalle. Makon da na kashe a nan yana dawo mini a aji na huɗu, lokacin zana layuka, domin ba sai na sake bayanin a da b daga tushe ba.

Batun harshe kuwa ba yau aka fara shi a Nijar ba. Tun 1973 aka buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, aka fara da Hausa a Damagaram. A watan Maris na 2025 kuma kundin da gwamnati ta fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na yi murna, amma takardar Yamai ba ta shiga aji da ƙafarta. Malamin kwaleji har yanzu shi zai zauna ya nemo yadda zai ce "abin da ba a sani ba" ko "gangaren layi" da Hausar da yaro zai gane, kuma wanda ke Mayahi ya ƙago nasa, na Tasawa nasa. Da za mu riƙa tara waɗannan kalmomi muna musayarsu, mu da 'yan uwanmu na Katsina da Kano masu fama da irin matsalar da Turanci, da mun rage wa juna wahala. Mangala da kuɗin zaune su ne gudummawata, wanda yake da waɗanda suka fi su ya kawo.

Iyaye kuma, na ku aikin bai buƙatar ku iya boko. Sau da yawa uba zai zo mini a watan Oktoba, bayan ya sayi littattafan rubutu da alƙaluma da ƙyar, ya ce, "Malam, tsakani da Allah wannan karatun me zai tsinana wa yarinyar nan? Ga uwarta ba mai tayi mata talla." Nakan ce masa, "Baba, ka taɓa gaya mata nawa ka sayi takin bana, da nawa ka biya 'yan ƙwadago?" Sai ya yi dariya ya ce wannan ai ba zancen yara ba ne. To, a nan gizo ke saƙa. Mun tashi da al'adar ɓoye lissafin gida, wasu ma na ganin ƙirga dukiya a fili na kore albarka. Ba na cewa a buɗe wa yara rumbu da asusu duka. Amma ɗan kwaleji yana buƙatar lambobi na gaske da zai yi aiki da su, kuma a hannunku suke, ba a littafina ba. Ku kuma kuna da magatakarda a gida kyauta ba ku sa shi aiki.

Abu ɗaya kawai za ku canza, wato ku riƙa yin tambayar ta baya. Maimakon "tiya goma a jika-jika nawa ke nan?", wadda ɗan firamare ma zai amsa, ku ce "ina son in tashi da jika ashirin bayan na biya amalanke jika biyu, tiya nawa zan fitar?" Duk tambayar da ta ba da ƙarshe ta nemi farko, daidaito ce. In ya amsa da ka, ku ce ya rubuta muku yadda ya yi, sannan ya mai da amsar cikin labarin ya ga ko ta zauna.

Ga ɗaya da za ku gwada da daren nan bayan tuwo. Kuna kai waya caji wurin mai faranti mai aiki da hasken rana, dala ashirin kullum. Wani ya kawo muku ƙaramin faranti na jika goma sha biyar. Kwana nawa zai yi kafin ya fanshi kansa? In yaron ya ce kwana 150, ya yi daidai. Sai ku ƙara masa da cewa maƙwabta biyu za su riƙa kawo tasu wayar suna biyan dala goma-goma kullum, ku ga ko zai sauko da ku kwana 75. In ya rubuta da dala maimakon sefa ku ƙyale shi, amsar ba za ta canza ba.